Aron Gwiwa

Tamada ta tsani abu biyu a duniya: sanyin safiya, da mutumin da zai dube ta ya ce “ayya”. Sanyin safiya dai ba yadda ta iya da shi, shi ke shiga gaɓoɓinta ya kulle su, sai rana ta ɗaga su saki. Amma mai cewa ayya, wannan kam tana da maganinsa, don harshenta lafiyarsa ƙalau.

Ciwon ya same ta tana budurwa. Mutanen tungarsu, can gaba da Wara a bakin ruwa, suka ce sanyin ƙashi ne. Likita a Yelwa ya ce amosanin gaɓɓai, ya rubuta mata ƙwayoyi, ya kuma gaya mata gaskiya cewa ya zo ke nan, sai dai a lallaɓa shi. Da yatsu ya fara, ya karkatar da su gefe guda kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kanta. Daga nan ya sauka gwiwoyi. Suna lanƙwasuwa daidai ta zauna a kan kujera, daga nan kuma sun gama magana. Rabon da goshinta ya taɓa ƙasa har ta manta, a kan kujera take sallarta.

Kada wani ya ɗauka zaune take tana jiran a ba ta a baki. Zane da wuyan hannu take ɗaura shi, ta ja bakinsa da haƙori, kuma bai taɓa kwance mata a cikin mutane ba. Ludayi tsakanin tafuka biyu take kama shi, miyar kifinta kuwa masu lafiyayyun yatsu sun sha zuwa tambayar sirrinta. Idan baƙuwa ta ga tana fama da murfin kwalba ta miƙo hannu tana “ayya, kawo”, sai Tamada ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Na ce maki ya gagare ni?”

Samari sun zo sun tafi, kowa ya ga yatsun sai ya tuna yana sauri. Wanda ya tsaya shi ne Cindo, kafintan jiragen katako a bakin ruwan Yelwa, mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ba a cire masa ba tun yana jariri. Ƙawayenta suka samu abin tsokana, suka ce Allah ya haɗa mai ragi da mai ƙari. Tamada ta ce su yi ta faɗa, ita dai ta samu miji, su kuma sun samu abin hira.

An daɗe kafin rabo ya zo. Da cikin ya tsufa, Cindo ya kawo ta tunga goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. A nan ta koma yin awo wurin Malama Mufida, ungozomar ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Wata rana Mufida ta ce ta hau gadon haihuwa su gwada, ta kwanta rigingine ta ɗaga ƙafafu. Ƙugun Tamada ya ce bai san wannan zancen ba. Sai da aka sauko da ita tana zufa, ta yi kwanaki tana jin abin a jikinta.

Mufida ba mai yawan magana ba ce. Ta sake auna jini, ta sake lalubar cikin, ta ce komai daidai yake, kan ɗa yana ƙasa.

“Haihuwa ba dole sai kwance ko durƙushe ba,” in ji ta. “Tsaye ma ana yi, in da abin da za ki rataya. A kahwa maki sanda cikin ɗaki. Ranar ki kira ni in zo da jakata, in na ga abin da ban gane ba mu wuce Yelwa, ba gardama. Amma abu guda nika so ki riƙe. Mai durƙuso, ɗanta kusa da ƙasa shika sauka. Ke ko tsakaninki da daɓe da nisa, kuma hannuwanki na bisa sanda. Dole wani shi durƙusa ƙarƙashinki shi tarbe. Kada ki yarda ki yi shi ke ɗaya.”

Tamada ta ce ta ji. A hanyar komawa gida kuwa ba sandar take tunani ba, Inna take tunani.

Inna Mairo ita ta haifi Tamada, kuma ita ce ’yarta ta fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun ranar da aka raɗa sunan, bai taɓa fitowa daga bakin Inna ba. Da aka yaye ta aka miƙa wa kakarta, a ɗakin tsohuwar ta girma har Allah ya karɓi abarsa. Idan Inna na son yi mata magana, sai ta juya ta dubi kaza ko bango ta ce, “A hwaɗa ma wasu mutane tuwo na hucewa.” Awakin gidan kowace da sunanta, kuma Inna na kiran su. Tamada kuwa ita ce “wasu mutane”. Ta ji ƙannenta suna amsa “na’am, Inna” daga ɗaki, daga gona, daga bakin ruwa, ita ba ta taɓa samun dalilin faɗar sa ba. Ta san kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma sanin bai hana abin yi mata ciwo ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ga kuma abu na biyu. Matan gidan su Inna ba a kama musu haihuwa. Mace ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta durƙusa, ta cije, kada a ji ko tarinta, sai kukan jariri ne zai kira mutane. Inna takan ba matan tunga labari, tana hura hanci, cewa akwai wanda ta haifa tsakanin ɗora tukunya da tafasarta.

Tun zuwan Tamada, kullum da safe sai ta tarar da langa cike da ruwan zafi da ganyen darbejiya a bakin ƙofarta. Ba wanda ya taɓa cewa shi ya ajiye. Inna ta sa a ranta cewa idan aka dage da gashi, gwiwoyin nan za su kai ƙasa kafin ranar, ’yar ta haihu kamar kowace mace, bakin mutane ya mutu. Tamada takan gasa, don yana rage mata tsamin safiya, amma ta san gwiwar da likita ya bari ba darbejiya ce za ta lanƙwasa ta ba.

Ranar da Cindo ya zo da sandar, Inna ta tuna tana da wanki a bakin ruwa, don suruka ba ta zama ta zuba wa surukinta ido. Sandar ƙirya ce mai kauri, ya goge ta sumul. Ya huda bango biyu a kusurwar ɗakin, ya gitta ta daidai hammatar matarsa, ya naɗe ta da soso da tsohon zane. Ya rataya da nauyinsa duka yana lilo, har Tamada ta ce ya sauka kafin ya kayar wa mutane da ɗaki.

“Jirgin da nika yi shanu shika ɗauka,” in ji shi. “Wagga ko giwa ta rataya ba ta motsi.”

“Ni ta giwar ke nan?”

“Ni ban ce ba.”

Da Inna ta dawo ta leƙa, ta daɗe tana kallon bangonta da aka huda. Washegari sai ga ɗaure-ɗauren albasar ajiya sun cika sandar daga wannan bango zuwa wancan. Duk matar da ta shigo gaisuwa ta tambaya, sai Inna ta ce ai maratayar albasa ce, danshin damina na ɓata mata ita a ƙasa. Tamada ta bar ta, don ta ga albasar ba ta tsare mata komai ba tukuna.

Abin ya zo ranar kasuwar Wara, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi da aka yi da asuba. Ranar kasuwa tungar nan kango take zama. Da ruwan ya ɗauke, maza da mata suka ɗure cikin jirage da buhunansu da kajinsu, har da Malam Sahabi, mahaifin Tamada, da tsohuwar da ke yanke wa jarirai cibi. Tamada na jin bayanta na ɗaurewa yana saki tun da safe, amma ta ɗauka aikin sanyi ne. Wanda ciwo ya zame masa abincin kullum ba ya saurin gane sabo. Sai da hantsi ya yi, faya ta fashe mata a tsakar ɗaki, sannan ta san baƙon da ake jira ne.

Da gaɓar yatsa ta danna wayar, ta sa ta a amsa-kuwwa. Mufida ta ce ga ta nan bisa babur. Aka jima, ciwon na matsowa kusa da kusa, sai wayar ta yi ƙara.

“Rafin ga ya cika ya batse,” in ji Mufida, ana jin ƙugin ruwa a bayanta. “Babur ba shi wucewa, jirage duk suna kasuwa. Na aika a nemo mani kwalekwale. Yaya kika ji?”

“Kamar abu na turo ni ƙasa.”

Mufida ta ce, “Wa ke gidan?”

“Inna.”

“Alhamdu lillahi. Kira ta.”

“Malama, ni ɗiyar hwari ta.”

“Na sani. Ɗan da ke tahe bai sani ba. Kira ta, ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauki zanen nan mai tsabta da na ba ki. Kada a yanke cibi sai na...”

Maganar ta tsinke. Tamada ta duba, sabis ya ɗauke.

Ita kuwa Inna ba sai an gaya mata ba. Tun safe take satar kallon yadda ’yar ke dafa bango. Lokacin da Tamada ta zaga bayan gida, Inna ta yi wuf ta shiga ta shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiyar ɗakin, ta ninka tsummoki masu laushi daidai inda gwiwoyi za su sauka, ta fito. Daga nan ta jawo turmi tsakar gida, ta zuba gero, ta hau daka.

Ba gari take buƙata ba, akwai shi cike da ƙwarya. Dakan na rufin asiri ne. Hanyar zuwa bakin ruwa ta bayan dangarsu ta bi, kuma akwai tsofaffin da ba su je kasuwa ba. Inna ta san jikin ’yarta ba irin na kowa ba ne, tana tsoron kada azaba ta sa ta yi ƙara wani ya ji, gobe a ɗauka a kai bakin rijiya. Saboda haka ta ɗaga taɓarya da ƙarfin da ta daɗe ba ta yi ba, don duk abin da zai fito daga ɗakin nan ya mutu a cikin turmi. Iyakar gatan da ta san za ta iya yi ke nan, kuma da zuciya ɗaya take yin sa.

A cikin ɗaki Tamada ta tsaya tana kallon tsummokin da aka ninka mata. Tausayin tsohuwar ya kama ta. Ta ce bari dai ta gwada, ko don ruwan zafin nan na kowace safiya. Ta dafa gado, ta fara sauka a hankali. Ba ta yi rabin hanya ba wani abu ya tsarga mata daga gwiwa har ƙwaƙwalwa, ta ga wuta a idonta. Da ƙyar ta miƙe. Ta ce wa kanta, wannan shi ne na ƙarshe, ba za ta karya kanta don a yabe ta a bakin rijiya ba.

Ta ja ƙafa zuwa kusurwa. Da damtse ta share albasar, ɗauri bayan ɗauri, suka zube suka watse a daɓe. Ta ɗora hammatarta a kan sandar, ta saki nauyinta. Sandar Cindo ko gezau. Nan take ƙugunta ya samu sarari, ta ji ɗan ya gangaro kamar dama abin da yake jira ke nan. Daɗi da tsoro suka kama ta lokaci guda. Ta dubi ƙasa. Daɓen siminti ne, kuma daga inda take ya yi mata nisa ƙwarai.

Tamada ba ta saba roƙo ba. Tun tana budurwa ta yi wa kanta alkawarin ba mai jin “taimake ni” daga bakinta. Ta cije wani zuwan ciwon, ta cije na bayansa. Sannan ta tuna ba ita za ta faɗi a daɓen nan ba.

“Inna!”

Taɓarya ta ci gaba da sauka.

“Inna! Inna!”

Ina! Dakan da aka shirya don ya haɗiye kuka, ya haɗiye kira. Ga uwa a tsakar gida tana zufa don ta rufa wa ’yarta asiri, ga ’ya a ɗaki tana neman ta da iyakar muryarta, kuma ba abin da ya raba su sai labule. In da wani ya ba da labarin nan a kasuwa, da an yi dariya. Tamada kam ba ta ga abin dariya ba, don ta fara jin kan ɗan.

Ƙafarta ta taɓa albasa. Ɗakunan tungar ana ɗaga daɓensu sama da tsakar gida saboda ambaliya, duk abin da ya fita ƙofa gangarawa yake. Ta sa gefen ƙafa ta ture guda. Ta bi ƙarƙashin labule ta fice. Ta ture wata, ta ƙara wata, ta yi ta turawa tana nishi. Albasa ta riƙa fita ɗaya bayan ɗaya kamar ’yan tsaki, har wata ƙatuwa ta je ta bugi gindin turmin.

Dakan ya tsaya.

Tamada ta ji takun Inna ya matso, ya tsaya a bayan labule. Ko a wannan halin tsohuwar ba ta yarda ta yi magana kai-tsaye ba.

“A hwaɗa ma wasu mutane su yi haƙuri su durƙusa. An shimhiɗa musu tsumma. Kowace mace haka ta yi.”

“Inna, ba kuka nika yi ba, kira nika yi,” in ji Tamada, tana tsinka maganar da numfashi. “Na gwada durƙuson, Allah na gani. Gwiwata ba ta kai ƙasa, hannuna ba shi riƙo. Haihuwa kam ni za ni yi abata, ban ce a taya ni ba. Amma ɗan ga in ya hwaɗo, siminti za shi tarar.”

Labulen ya motsa kaɗan, ya koma.

“Uwa ba ta shiga ma ɗiyar hwari,” in ji Inna. Wannan karon ba kaza ta gaya wa ba.

“To kada ki shigo don ni. Gwiwarki lahiya lau take. Ara mani ita, in an gama ki ɗauki abarki.”

Wani ciwon ya taso, wanda ya fi duk na baya. Tamada ta kifa goshi a kan damtsenta. Ta ji ƙarar buta, ta ji ana wanke hannu da sauri. Da ta buɗe ido, sai ga Inna a cikin ɗaki, kanta a sunkuye, zanen Mufida a hannunta. Ta ja tabarmar da tsummokin zuwa kusurwa, ta ture albasa gefe, ta yi bisimilla, ta sauka a kan gwiwoyinta a gaban ’yarta. Tsummokin da ta ninka wa Tamada, ita suka yi wa amfani.

Daga nan ba a sake wata doguwar magana ba. Tamada ta taka ƙasa da ƙafafun nan da mutane ke yi wa ayya, ta rataya a sandar mijinta, ta tattaro ƙarfin da ta daɗe tana tarawa wurin buɗe kwalba da ɗaura zane da tashi daga gado kowace safiya. Ciwo ba baƙonta ba ne. Wannan ne ma karo na farko da ya zo mata da dalili. Ta yi nishi mai ƙarfi, ba ta damu da wanda ke bin bayan danga ba.

“Ƙara,” in ji Inna ƙasa-ƙasa. “Ga kai nan. Ƙara, ya kusa.”

Ta ƙara. Sai ta ji nauyin duniya ya zare daga jikinta gaba ɗaya, ya sauka a hannun da ke jira.

Ɗakin ya yi tsit. Tamada ta leƙa ta saman sandar, ta ga ’yar mace, jiƙe, ba ta motsi. Inna ta daskare tana kallon ta.

“Share mata baki da hanci,” in ji Tamada. Duk abin da Mufida ta koya mata a wurin awo ya dawo mata tar. “Goge ta da zanen. Bayanta, Inna, goga da ƙarhi.”

Inna ta bi umarnin ’yarta kamar ɗaliba. Ta share, ta goga, ta sake gogawa. Jaririyar ta yamutsa fuska, ta yi wani ɗan tari, sannan ta buɗe baki ta tsala kukan da ko turmi goma ba su isa su rufe shi ba.

Jin kukan nan ne ya kwance Tamada. Ƙarfin da ya riƙe ta ya ga aikinsa ya ƙare, ya kama hanya. Ɗakin ya fara juyawa, damatsanta suka fara zamewa daga kan sandar. Idan ta faɗi, kan jaririyar da tsohuwar za ta faɗa. Inna ta ɗaga kai ta gani. Hannu ɗaya na rungume da jika, ta kafa kafaɗarta a cinyar ’yarta ta tokare ta, ta daka tsawar da ta fi ta taɓarya.

“Tamada! Tsaya bisa ƙahwahunki! Tamada!”

Ko ruwan sanyi aka watsa mata bai kai wannan ba. Idonta ya buɗe. Ta sake maƙale sandar. Inna ta miƙa ɗaya hannun ta jawo kujerar sallar da ke jingine a bango, ta tura mata, Tamada ta zauna a hankali. Sannan Inna ta ɗora mata jaririyar a ƙirji, ta ja zane ta lulluɓe su, ta kau da kai ta hau tsince albasa kamar abin da ya kawo ta ɗakin ke nan.

A haka Mufida ta same su, siket ɗinta jiƙe har gwiwa, jaka a ka. Ta yanke cibi, ta jira mabiyiya ta fito ta duba ta, ta auna jinin mai jego, ta ce ba abin da ya yi saura sai godiyar Allah. Da ta zo duba hannun jaririyar sai ta fashe da dariya. A gefen ƙaramin yatsan hagu ga wani ɗan mitsitsi ya leƙo.

“Wagga ba ta bar ma ubanta wurin musu ba,” in ji ta.

Inna ta dubi bango ta ce, “Ta ji labarin wasu mutane na da ƙarancin yatsu, ta taho da gudummawa.”

Tamada ta yi dariya har cikinta ya amsa. Amma ta ji “wasu mutane” sun dawo, ta kuma gane. Sunan nan tsoro ne ya fizgo shi, ya fito ya koma inda yake. Ta ce a ranta ba komai, ko banza ta ji yadda yake a bakin Inna, zai ishe ta.

Washegari da hantsi gidan ya cika da ’yan barka. Cindo tun jiya ya iso, yana waje wurin maza, an ce ba wanda ya gaisa da shi bai ji labarin ƙwarin sandar ba. Inna na bakin murhu tana iza wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar wankan jego. Mata na shiga ɗaki suna fitowa, kowace ta dubi jaririya, ta dubi sandar, ta dubi ’yar’uwarta. Tamada na zaune a bakin gado, ’yarta kwance a lanƙwasar hannunta, inda ba a buƙatar yatsu.

Mariya ce ta fasa, maƙwabciyarsu, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Ta fito tsakar gida ta tafa hannu, ta ce da muryar da ta tabbata za ta kai ɗaki, “Ayya, baiwar Allah! An ce ko durƙuson ba ta samu yi ba, sai da anka kama mata. Ayya.”

Tamada ta ja numfashi, ta shirya amsar da za ta sa Mariya ta manta hanyar gidan. Ba ta kai ga buɗe baki ba.

“Wa ya kama mata?”

Muryar Inna ce. Ta miƙe daga bakin murhu, itace a hannunta.

“Ni dai gwiwa na ba da aro, ita ma don tana zaune banza. Durƙuso wane aiki na? Ko akuya na yin shi in za ta ci ciyawa. Ni duk ɗiyan da na haihwa, ƙasa na riƙe da ni na haihe su. Ita ko ba abin da ya riƙe ta sai sanda guda da zuciyarta. Da ɗiyar ta zo ba ta kuka, ni da na tsuhwa cikin abin ga rikicewa na yi, ita ta hwaɗa mani yadda za ni yi. Na gani da idona, ba labari anka ba ni ba.” Ta nuna ƙofar gida da itacen. “Ku kai shi bakin rijiya, ku kai shi kasuwar Wara in kun so. Ku ce Tamada tsaye ta haihu. Tamada, ɗiyata.”

Wata ta rufe baki da mayafi. Mariya ta dafe ƙirji.

“Mairo! Sunan ɗiyar hwari, gaban mutane?”

“Shekara da shekaru yana cikin bakina,” in ji Inna. “Na gaji da tauna shi.”

Ta juya ta buɗe tukunyar, tururi ya turnuƙe ta, ta tsoma ganye ta gwada zafin a bayan hannunta. A cikin ɗaki Tamada ta sunkuyar da kai. Hawaye na sauka a kan zanen jaririyar, kuma ba ta yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Alfahari ne ya cika ta har wuya, da kanta, da tsohuwar nan mai taurin kai da ta gado. ’Yar ta miƙa hannu cikin barci, yatsunta shida suka kama karkataccen yatsan uwarta guda, suka riƙe.

“Tamada,” aka kira daga tsakar gida, a sake, kamar kullum haka ake yi. “Ruwa ya yi. Hito tun bai huce ba.”

Ta goge fuska da wuyan hannu. Ta gyara murya, don tana son kowa ya ji.

“Na’am, Inna.”